Kyamarar Ribas Ta Ɗauke: A Ina Gizo Ke Saƙar?

A daminar da ta wuce sau biyu na sayi kyamarar ribas, daga baya kuma ta tabbata babu ko ɗaya cikin kyamarori ukun da suka hau bayan motata da ta taɓa lalacewa. Wannan asarar ce ta sa na zauna na koyi yadda abin yake aiki, don na lura ba ni kaɗai ake yi wa wannan aski ba a nan Kano.

Motar ba ta zo da kyamara daga kamfani ba, wanda na saya a hannunsa ne ya sa mata tare da allon Android. Wata rana da la'asar sakaliya zan fito daga lungunmu, na saka ribas, sai allo ya yi baƙi ƙirin. Na mayar da giya fakin, na sake sakawa, hoto ya dawo. Washegari ya ƙi zuwa sam. Wanda ya san lungunan cikin gari ya san abin da hakan ke nufi: kwata a hagu, dakali a dama, babur a jingine da bango, ga 'yan Islamiyya sun taso suna guje-guje. Na kai ta wurin wani mai wayarin. Ko but bai buɗe ba ya ce, "Alhaji, kyamarar ce ta ƙone, ruwa ya shige ta." Aka tura yaro kasuwa, aka ɗaura sabuwa, hoto ya kawo tar. Kwana huɗu ta sake ɗaukewa. Aka ce ai waccan mai araha ce, a sayo mai kyau. Aka sayo. Ita ma ba ta cika sati ba.

Wanda na je wurinsa a karo na uku wani dattijo ne da ke da 'yar rumfa a wajen Ƙofar Ruwa. Shi ko kallon kyamarar bai yi ba. Ya ce, "Yallaɓai, shiga ka murɗa makulli amma kada ka tayar da inji. Ja birkin hannu, ka saka ribas, ƙafarka na kan birki." Yaronsa ya tokare taya da dutse. Ya zagaya baya ya ce, "Fitilun ribas sun kawo. To idonka a kan allo, da ka ga wani abu ka yi magana." Ya fara ɗaga murfin but a hankali a hankali. Yana kaiwa rabi hoto ya yi walƙiya ya ɓace. Ya sauke, ya sake ɗagawa, hoton ya sake leƙowa a daidai wannan wuri. Sai ya kira ni na fito. A jikin ƙarfen da ke riƙe da murfin but, inda wayoyi ke bi su shiga cikin murfin, ya ɓare baƙin salatif ya nuna mini wata siririyar waya. Fatarta ta tsage, tagullar ciki ta kakkarye, saura sili biyu ko uku suna reto. Wanda ya yi wayarin tun farko ya ja ta ta yi tsantsan, bai bar mata sararin lanƙwasa ba, kullum aka buɗe but sai ta tanƙware a wuri ɗaya. Duk lokacin da aka sa sabuwar kyamara, jan wayoyin da ake yi ne ke sa silin su taɓa juna na 'yan kwanaki, mu kuma mu ɗauka sabuwar ce ta yi magani. An bar jaki ana ta dukan taiki.

Abin da ya kamata mai mota ya fara fahimta shi ne, kyamarar nan ba ita kaɗai ke aikin ba. Idan ka saka ribas, akwai wani makunni da ke sanar da mota cewa an shiga ribas. A mota mai giyar hannu yana jikin giyabos, a otomatik kuma na'urar da ke gane matsayin giya ce ke wannan aiki. Wannan sanarwa ita ke kunna fararen fitilun baya, ita ce kuma ke gaya wa allo ya bar rediyo ko taswira ya koma hoton baya. Ita kyamarar tana buƙatar wuta, tana buƙatar wayar at da ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota. Hoton da ta ɗauka kuma sai ya bi waya tun daga lambar mota, ta ƙarƙashin kafet, har dashbod, tafiyar mita huɗu zuwa biyar ko fiye. Ko'ina cikin wannan tafiya aka samu tangarɗa, abin da direba zai gani ɗaya ne: babu hoto. Shi ya sa faɗin "kyamara ta ƙone" kafin a gwada komai ya zama canki-canka.

Tambaya ta farko ba ta buƙatar ko sukundireba. In ka saka ribas, allon yana sauyawa ko yana nan yadda yake?

Idan waƙarka na ci gaba da nunawa a allo kamar ba abin da ya faru, to allon bai ji labarin an shiga ribas ba, kuma kyamara ba ta da laifi a nan. Sa wani ya duba maka fitilun ribas. In duka biyun ba su kawo ba, zargi ya koma kan fis ko makunnin giya. Akwatin fis yana ƙarƙashin bonet ko kusa da gwiwar direba, kuma galibi a cikin murfinsa akwai zanen da ke nuna aikin kowanne. Kalarsu na faɗin ƙarfinsu: ja 10 ne, shuɗi 15, ruwan ɗorawa 20. A nan ne nake da babban ƙorafi a kan al'adar garejojinmu. Fis ya ƙone, sai a naɗa masa silin waya a mayar, ko a cire na 10 a cusa na 20 a ce "wannan ba zai sake ƙonewa ba." Gaskiya ne ba zai ƙone ba, wayar motar ce za ta ƙone a madadinsa. Fis ɗin da ya ƙone sau biyu a jere yana faɗa maka ne akwai wayar da ta fige tana taɓa ƙarfe, kuma yawanci a bayan mota take.

In kuwa fitilun sun kawo amma allo bai sauya ba, to saƙon ya tsaya a hanya. A bayan allon Android akwai wata waya guda da aka rubuta wa BACK ko REVERSE, ita ke karɓar sanarwar. Sau da yawa murɗa ta kawai ake yi da hannu a naɗe da salatif, zafin dashbod ya narkar da gam ɗin, gargadar hanya ta ƙarasa rabuwar. A motocin da suka fi sabunta, sanarwar ba ta bin waya ta musamman, tana tafiya ne ta layin da kwamfutocin mota ke magana da juna, wanda ake kira CAN. Allon da aka sayo a kasuwa yana jin wannan yare ne ta wani ɗan akwati da ake haɗa masa, kuma sai an zaɓi samfurin motar a cikin saiti. Yaro ya yi wasa da allo ya mayar da shi saitin kamfani, shi ke nan, ribas ya daina nunawa alhali babu wayar da ta motsa.

Sai kashi na biyu, wanda shi ne nawa: allo ya sauya, amma baƙi ne ko shuɗi, ko ya rubuta "No Signal". Wannan allo ya ji kira, ya buɗe ƙofa, baƙon ne bai iso ba. Ko kyamara ba ta samun wuta, ko hoton na yankewa a hanya, ko kuma, a ƙarshe, kyamarar ta mutu da gaske. Wani zai ce ai layukan nan masu kala suna fitowa a kan baƙin allon, ke nan kyamara na da rai. Ba lallai ba. A wasu motocin allon ne ke zana layukan da kansa, ko an cire kyamara gaba ɗaya za su fito.

Dabarar da dattijon nan ya nuna mini ita ce raba hanyar gida biyu. Mai wayarin da ya san aikinsa yana ajiye kyamarar gwaji mai gajeriyar waya. Zai zare allo, ya jona ta kai tsaye a ramin hoton da ke bayansa, ya ba ta wuta. In hoto ya fito, allo lafiyarsa ƙalau, matsala tana daga nan zuwa baya. Sai ya koma bayan motar da mitar gwada wuta ya auna ko wuta na isa soket ɗin kyamara lokacin da aka saka ribas. In wuta na zuwa, kyamarar gwaji kuma ta ƙi nunawa daga can baya, to doguwar wayar hoto ce ta yanke. In ta nuna, sai a lokacin ne ya halatta a ce a sayo sabuwa. Duk wannan bai kai minti ashirin ba. Wuraren da waya ta fi yankewa kuma sanannu ne: maƙogwaron roba da ke tsakanin jikin mota da ƙofar baya a jif, ƙarfen murfin but a ƙananan motoci, sai filogin nan mai ruwan ɗorawa da ake haɗawa kusa da kyamara, wanda ke cika da koren tsatsa in ruwa ya zauna masa. Ɓeraye ma na da nasu kason, musamman a motar da ake jibgewa makonni a kusa da buhunan hatsi.

Ba a motocinmu da aka yi wa wayarin a bakin titi kaɗai wannan cuta take ba. A watan Disamba na 2021 kamfanin Tesla ya janye motoci ƙirar Model 3 sama da 350,000 a Amurka, wato ya ce a mayar masa da su ya gyara, saboda buɗewa da rufe but na cinye wayar da ke ɗauko hoton kyamara. A 2023 Honda ma ta janye kusan miliyan 1.2 na Odyssey da Pilot da Passport saboda wani mahaɗin waya da ke sa hoton baya ya ƙi fitowa. Dalilin da ya sa suke ɗaukar abin da zafi shi ne a can doka ce. A 2008 Amurka ta yi dokar da aka raɗa wa sunan wani yaro ɗan shekara biyu da mahaifinsa ya taka da ribas a ƙofar gida a 2002 bai gan shi ba, kuma daga watan Mayu na 2018 duk sabuwar ƙaramar mota da za a sayar a ƙasar dole ta zo da kyamarar baya. Wannan ya shafe mu kai tsaye, tunda da yawa daga cikin motocin da muke kira Beljiyam daga Amurka ake lodo su. Wanda ke da irinsu zai iya ɗaukar lambar shasi mai harufa da lambobi 17, wadda ke ƙasan gilashin gaba ta wajen direba, ya saka a shafin intanet na NHTSA, hukumar da ke kula da kiyaye haɗurran mota a Amurka, ya ga ko akwai janyewar da ba a yi wa motar ba kafin ta baro can. Ko ba komai, ka san inda za ka nuna wa mai gyara ya fara dubawa.

Akwai wuri ɗaya da kyamara ke ƙonewa da gaske, kuma da hannunmu muke ƙona ta. Kyamarar da ake saya a kasuwa galibi wutar bolt 12 take ci, ana jona ta a wayar fitilar ribas. Amma wadda ta zo daga kamfani a motocin Japan da dama, ciki har da Toyota, wutar da ba ta wuce bolt 6 ba take so, kuma ainihin allon motar ne ke ba ta. Yanzu yayi ake yi, kowa na cire rediyon motarsa yana sa ƙaton allon Android. Mai ɗaurawa in bai sani ba sai ya ɗauko wutar batir kai tsaye ya ba wa tsohuwar kyamara. Wata ta yi aiki kwana biyu tana zafi, wata nan take ta tafi. Maganin wani ɗan ƙaramin abu ne da ke rage wuta daga 12 zuwa 6, wanda kuɗinsa bai kama ƙafar kuɗin kyamarar kamfani ba. Kafin ka bari a taɓa rediyon motarka, tambayi mai aikin, "Malam, wuta nawa kyamarar nan take ci?" In ya ce duk ɗaya ne, ɗauki makullinka.

Wani lokacin kuma hoton na zuwa, amma a hargitse: fari da baƙi, ko yana gangarowa daga sama zuwa ƙasa kamar tsohuwar talabijin, ko ya rarrabe gida-gida. Wannan rashin jituwar yare ne tsakanin kyamara da allo. Akwai tsohon tsari mai suna CVBS, wanda shi ma ya kasu zuwa NTSC da PAL, akwai kuma AHD mai hoto garau, mai lamba 720 ko 1080. Filoginsu iri ɗaya ne, shi ya sa mai shago zai ce maka "za ta hau." Hawa kam za ta hau. Amma allon da ba ya jin AHD ba zai nuna ta ba, wanda yake ji ma sau da yawa sai an shiga saitin ciki an zaɓa masa. Sai ka ga mutum ya mayar da lafiyayyar kyamara shago ana ta cacar baki, alhali danna abu ɗaya ne ya rage.

Ga wata alama da ke rikita mutane: inji a kashe hoto tsaf, da an tayar da mota sai ya fara rawa ko layuka su cika shi. A motocin Jamus da yawa, irin su Volkswagen da BMW da Mercedes, wutar da ke zuwa fitilar ribas ba miƙaƙƙiya ba ce, kwamfuta ce ke sako ta gutsi-gutsi da sauri. Kwan fitila bai damu ba, kyamara kuwa ba ta jurewa. Ana sa rile, wato ɗan makunnin da wuta ke kunnawa, fitilar ta zama mai ba da umarni kawai, wutar kyamara kuma ta fito daga wuri mai tsafta. A sauran motoci, irin wannan rawa yawanci wayar at ce ta yi sako-sako, ko an ɗaure ta a kan fenti ko tsatsa.

Zancen fenti ya kawo ni kan tambayar da na ga ta fi kowace mita amfani: me aka yi wa motar kafin abin ya fara? A Kano kusan babu motar da adaidaita sahu bai taɓa sumbatar bayanta ba. An kai wa fanel bita, ya kwance bamba ko murfin but, ya buga, ya yi fenti, ya mayar. Shi ƙarfe ne aikinsa, soket ɗin da ya cire ba lallai ya tura shi har ya yi ƙas ba, wata wayar ma ya matse ta da noti. Haka nan motocin da aka sayo a gwanjo da bugu a baya aka gyara su a nan. In kyamara ta ɗauke bayan an dawo daga fanel bita, ko bayan canjin batir, ko bayan sa sabon allo, ko bayan wanki, ka riga ka samu rabin amsa. Faɗa wa mai gyara wannan tun kafin ya ɗauko kayan aiki.

Hoto mai dishi-dishi kuwa, a fara da ruwa da tsumma mai laushi. Bayan mota, musamman jif, yana zuƙo ƙura, a lokacin hunturu kwana ɗaya ya isa ya rufe idon kyamara. Kuskuren shi ne gogewa a bushe da babban yatsa ko gefen riga. Ƙurar nan yashi ce, tana kankare gilashin, bayan 'yan watanni hoto ya zama kamar ana kallo ta cikin leda, fitilar motar da ke bayanka da dare kuma ta watsu ta rufe komai. A zuba ruwa tukuna, sannan a goge. In an wanke hazon yana nan, ka duba da kyau ka ga raɓa daga ciki, to ruwa ya shiga. Zafin Afrilu da ke haura digiri 40 yana busar da robar da ta toshe bakin gilashin, ta tsattsage, ruwan Agusta ya samu ƙofa. Injin wanki mai feshi da ƙarfi ya fi ruwan sama ɓarna. Rubutun IP67 da ake gani a kwali yana nufin ƙura ba ta shiga, kuma za ta jure nutso a ruwa mai zurfin mita ɗaya na rabin awa. Bai ce za ta jure a saita mata bakin injin feshi daga tazarar taƙi ɗaya ba. Ni yanzu duk inda na kai wanki sai na ce wa yaron ya kauce wa wurin. Kyamarar da ruwa ya shiga ko an shanya ta a rana ta washe, za ta koma, wannan kam a canza ta.

Wanda hotonsa ke da kyau da rana amma duhu da dare, ya duba kwan ribas, don da haskensa kyamara ke gani. Masu liƙa baƙar leda a fitilun baya don ado, su suka jawo wa kansu.

Abu ɗaya da ba na so a raina shi ne juyewar hoto. Kyamarar baya dole ta nuna kamar madubi, abin da ke damanka ya fito a daman allo. Wasu kyamarorin kasuwa ana iya sa su gaba ko baya, suna da wata 'yar waya mai lanƙwasa da ake yankewa ko a bari, ko kuma a sauya a saitin allo. In aka yi kuskure, za ka ga yaro a hagu alhali yana dama, ka karya sitiyari ka nufe shi. Bayan kowane gyara, sa mutum ya tsaya a bayan motar ta ɓangaren direba ya ɗaga hannu, ka tabbatar a ɓangaren ya fito. Layukan ma a gwada su. Ajiye jarka a baya, ka matso har ta taɓa jan layi, ka fito ka ga tazarar da ta rage da idonka. A kyamarar kasuwa wannan layi zane ne kawai, ya danganta da yadda aka karkata ta ranar ɗaurawa. Masu layin da ke lanƙwasa da sitiyari kuwa, in ya karkace bayan an yi alaimen, sai an sa kwamfutar gwaji an daidaita shi.

Dattijon ya yanke ruɓaɓɓen wurin, ya ƙara sabuwar waya mai ɗan tsawo don ta samu sararin motsi, ya liƙe da dalma maimakon murɗawa, ya rufe. Ya buɗe but ya rufe ya fi sau goma ina kallon allo, hoto bai ko girgiza ba. Da na ba shi labarin kyamarori biyun da aka cire, waɗanda ke yashe a cikin but, ya ce a miƙo su. Ya jona ta farko, ta kawo. Ya jona ta biyu, ita ma ta kawo. Ya yi dariya ya ce, "Yallaɓai, ka bar mini ɗaya in riƙa gwaji da ita." Na bar masa. Ɗayar tana nan cikin aljihun dashbod, a naɗe a leda.